Murfin Gwangwani a Bakin Tiyo

Ran kasuwar da ta wuce na shiga layin masu awon hatsi a Kaura zan auno gero, sai na ga wani ƙarfe an danne bakin tamfol da shi don kada iska ta ɗaga. Tsatsa ta ci shi, amma ko idona a rufe aka miƙo mini shi zan gane shi da hannu. Kan tiyon birkin jirgin ƙasa ne, har da guntun robar a jikinsa. Na tambayi mai awon ko ya san abin da ya danne tamfol da shi. Mutum ne da furfura ta fara fito masa a gemu, amma ya ce shi dai wurin 'yan gwangwan ya samo, ya ga yana da nauyi. Na karɓi gerona na tari keke napep, muka bi ta gefen tasha, inda ciyawa ta rufe layin dogo awaki ke kiwo a kai. Ban ji haushi ba, abin da aka daina aiki da shi ai dole a nema masa wani aikin. Sai dai tun ranar nake ta tuna wani mutum da ya taɓa ɗora ransa a kan maganata, ni kuma na yi masa ƙarya.

A zamaninmu nan ne ƙarshen dogo. Jirgi in ya iso Kaura ba shi da sauran wurin zuwa, sai dai a juya kansa ya koma inda ya fito. Saboda haka duk abin da ƙasar nan ta noma ko ta kiwata nan yake taruwa, gujiya a buhuna, auduga, fatu da ƙiraga, da shanun da ake korowa da ƙafa daga kasuwar Shinkafi, wasu ma daga ƙetaren iyaka. Mutanen Zurmi da Dauran su iso da jakuna tun da hantsi, su ɗaure su a gindin dalbejiya. Ba ka buƙatar agogo a garin. In jirgi ya yi kuka daga nesa, matan gida sun san lokacin ɗora tukunya ya yi. In ka ji taragai na karo da juna, gwaram, gwaram, ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layi, ka san ana haɗa na tafiya. Yanzu ƙarar babura ce tun asuba har isha'i, kuma ba ta gaya maka komai. Hanyar Shinkafin da muke bi da ƙafa ba mu tsoron kowa, yau ko a mota sai ka yi addu'a ka ƙara kafin ka kama ta.

Ni ɗan wajen Shinkafi ne. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, kawuna, yayan mahaifiyata, ya ɗauke ni ya riƙe. Fataucin shanu yake yi zuwa Ikko. Shi ya sa ni makaranta, shi ya yi ta zarya har aka ɗauke ni aikin reluwe, a shekarar kuma ya yi mini aure. Aikina haɗa taragai. In an jera su sai in shiga tsakani in haɗa ƙugiya, sannan in haɗa tiyon birki. Kowane tarago yana da bututun ƙarfe a ƙarƙashinsa daga wannan kai zuwa wancan, a kowane kai kuma akwai baƙin tiyo mai kaurin damtsen mutum yana reto. Bakin tiyon ƙarfe ne, da ƙaho a ƙasa, da kunne a sama, da zoben roba a tsakiya. Ka ɗaga biyun sama, ka sarƙa ƙaho da ƙaho, ka sauke su a hankali har kunnuwan su shige juna, roba ta manne da roba. Na taragon ƙarshe kuma a kifa bakinsa a kan wani ɗan kututturen ƙarfe ya toshe. In an gama sai kan jirgi ya tsotse iskar da ke cikin bututun tun daga gaba har baya, birki ya saki. In direba zai tsaya sai ya bar iska ta koma, kowane tarago ya kama ƙafarsa da kansa. Wani jikana ya nuna mini na jiragen yanzu a wayarsa, siriri da ɗan famfo a gefe, ya ce su hura iskar ake yi, ba tsotsewa ba. Na ce masa ko wanne ne dai maganar ɗaya ce, in layin ya yanke a tsakiya, abin da ke baya ya fita daga hannun direba.

Helumanmu, wato shugabanmu masu haɗi, wani tsoho ne mai faɗan tsiya, ba ya koyar da kai sai da tsawa. Kullum maganarsa ita ce, "Da kunne aka yin wanga aiki, ku bar zare mani ido." Haka ne kuwa. In haɗi bai zauna ba za ka ji wani siririn shiii yana shiga, sai ka bi shi a tsugune har ka same shi. In hayaniyar tasha ta hana ka ji, ka tsinko auduga kaɗan ka kai bakin haɗin, in ta manne to nan ne. Da safe mu wanke zobban roba mu jera su a cikin wani tsohon gwangwanin madara. Mu bi taragan da ke ajiye mu rataye tiyonsu don kada su ja ƙasa, mu ƙwaƙule gidan zanzaro, don ba abin da zanzaro ke so irin bakin tiyon da aka bari a buɗe. Hannunka ba ya rabuwa da baƙin mai, ko da toka ka wanke sai tuwo ya ɗauko warinsa. Matata ta yi ƙorafi ta gaji ta bari.

Taragon ƙarshe na mai tuta ne, wanda ke zama a baya shi kaɗai da tutocinsa biyu, ja da kore, da usur a wuya. A ƙa'ida akwai agogon iska a taragonsa da zai duba ya ga ko tsotson ya iso wurinsa. Amma agogunan nan sun mutu tun kafin in zo, an rubuta an gaji ba a kawo wasu ba. Sai al'ada ta maye gurbinsu. Mai haɗi in ya gama zai bi jirgin har baya, ya daki jikin taragon sau biyu da tafin hannu, ya ce, "Iska ta iso." Mai tuta ya ce, "A bakinka na hau," ya hau abinsa ba ya ko waiwaye. A tasharmu in mai tuta ya sunkuya ya duba haɗin da wani ya yi, zagi ne, daidai yake da ya kira ka maƙaryaci a gaban jama'a. Ban taɓa ganin an yi wa kowa ba. Mai tutan da ya fi zuwa mana mutumin Zurmi ne, dogo, ba ya yawan magana, ya kusa sa'ar kawuna. Baba nake ce masa. Shi kuma da yake shekarar da na yi aure ya san ni, Ango ya sa mini, bai kuma canza ba.

Abin ya faru ne da bazara, irin wadda ƙarfen dogo ba ya taɓuwa da rana. Kawu ya iso da shanunsa aka loda su a wani tarago na wajen baya, daga shi sai wasu huɗu, sai na mai tuta. Na haɗa komai, direba ya fara tsotso, agogonsa ya ƙi tashi. Mutumin kudu ne, Hausarsa kaɗan ce, ya leƙo yana ta cewa, "Iska babu, iska babu." Na bi haɗi ɗaya bayan ɗaya da audugata, duk lafiya. Sai da na kwanta a ƙarƙashin taragon Kawu sannan na ji. Ba tiyo ba ne, bututun ƙarfen ne da kansa, fitsarin shanu na shekara da shekaru ya cinye shi har ya yi huji. Wannan ba gyaran Kaura ba ne. Ƙa'ida ita ce a cire taragon, a sauke shanun, su jira wani. Heluma kuwa ranar ya tafi jana'iza, magana a hannuna take.

Na fito ina kakkaɓe riga na tarar da Kawu tsaye a kaina.

Ya ce, "Ɗana, mi aka ciki?"

Na ce, "Kawu, taragonku ne ke yoyo. Sai an cire shi an sauke shanu, a jira wani ya zo."

"Yaushe zai zo?"

"Ko kwana huɗu, ko mako."

Ya juya ya dubi shanun, suna ta haki, yawu na dalala. Ya ce, "Kwana ukku munka yi bisa hanya, biyu sun riga sun kwanta. Ina ciyawa garin ga? Ina ruwa?" Sannan ya ce, "Ni ban san aikinku ba, ban kuwa ce ka yi abin da ba shi da kyau ba. Na dai san ina da ɗa cikin tashar ga." Ya koma gindin inuwa ya zauna.

Akwai wata dabara da manyanmu ke yi a cikin tasha in za a gusa tarago mai yoyo daga wannan layi zuwa wancan. Sai a buɗe haɗin da ke gabansa, a sa murfin gwangwani a tsakanin bakunan biyu, a mayar a rufe. Tsotso ya manne murfin, agogon direba ya tashi tsaf, shi a ganinsa komai lafiya, alhali daga murfin zuwa baya babu komai. Dabara ce ta tafiyar da ba ta wuce taku ɗari ba, a fili mai shimfiɗe, jirgi na tafiyar mutum. Ni na ɗauke ta na ɗora wa tafiyar Zariya. Mai tuta na sallar azahar a gindin dalbejiya, na ciro murfin gwangwaninmu na zobba, na shiga tsakanin taragai na sa shi. Sannan na bi taragai shidan da ke baya na ja wayar da ke sakin birkin kowanne. Direba ya sa jirgi ya yi kuka biyu, alamar agogonsa ya tashi. Lissafina shi ne taragan gaba sun fi ashirin, sun isa su riƙe sauran, ƙasa kuma ai a shimfiɗe take har Gusau. Abin da ke bayan Gusau ban sa shi a lissafi ba, don a lokacin ban taɓa wuce Gusau ba, na ɗauka duk duniya haka take a kwance kamar Kaura.

Na taka har baya. Baba mai tuta ya idar da salla yana naɗe buzunsa. Na daki tarago sau biyu na ce, "Iska ta iso, Baba." Muryata ko rawa ba ta yi ba, wannan har yau yana ba ni mamaki. Ya ɓara goro ya miƙo mini rabi, ya ce, "A bakinka na hau, Ango." Kawu ya hau cikin shanunsa da mutanensa biyu masu tayar da duk wadda ta kwanta, yana ɗaga mini hannu. Jirgi ya tashi, ni kuma na ci goron.

Ranar da washegari na yi ta shawagi a ƙofar ofishin shugaban tasha, in na ji wayar tangaraho ta fara ƙwanƙwasa sai in tsaya in kasa kunne. Matata ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce zafi ne. Ba labarin da ya zo. Gaskiya kuma, kafin azahar ta rana ta biyu na fara jin kaina, ina ganin na yi abin da Heluma ma ba zai iya ba.

A rana ta uku Baba ya dawo da wani jirgin, tafukansa biyu a naɗe da tsumma. Ya gaisa da kowa yadda ya saba, sannan ya yafito ni bayan tankin ruwa. Da ƙyar ya iya sa hannu a aljihu, ya ciro murfin ya miƙo mini. Ya ce bayan Gusau akwai wani dogon gangare, tasha na ƙasansa, ranar kuma jirgin fasinja na tsaye yana jiran su su kauce masa. Direba ya kama birki, gaba ta kama, taragai shidan da ke baya suka ci gaba da turo ta. Shi Baba ya buɗe nasa birkin iskar bai ji ko shiii ba. Sai ya kama na hannu, wani ƙarfe mai kamar sitiyari, ya yi ta murɗawa har fatar tafinsa ta bi ƙarfen. Ya nuna mini masallacin tasha da haɓa, ya ce tsakaninsu da jirgin fasinjan lokacin da suka tsaya bai kai daga nan zuwa can ba. Daga nan ya sauka ya bi haɗi yana buɗewa har ya sami abin, ya jefa aljihu kafin direba ya iso. Ya gaya wa direba bututu ne ya ruɓe, wanda ba ƙarya ba ne, suka lallaɓa da rarrafe har Zariya aka sauya wa Kawu tarago.

Duk wannan a hankali ya faɗa, kamar mai ba da labarin farashin dawa. Sannan ya ce, "Ɗiyana bakwai, Ango. Bisa gangaren nan sai da na kira sunan kowa." Ni dai kaina na ƙasa. Ya ce, "Ba ni kai ka ƙara. Kana da iyali, kuma na ga wanda ke cikin taragon."

Na ce, "Baba, don Allah ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe."

Na mayar da murfin kan gwangwaninsa, don zobba na shan ƙasa in babu shi. Bayan sati biyu Kawu ya dawo daga Ikko, shanu sun sayu da daraja, ya kawo mini yadin shadda. Duk Shinkafi sai da ta ji cewa ɗan ƙanwarsa ya san aiki. Har ya rasu bai san abin da ya hau a kai ba, ni kuma ban gaya masa ba. Shaddar na ɗinka ta na yi salla da ita.

Na ɗauka magana ta ƙare. Tafiyar Baba ta gaba ni ke aiki, na haɗa komai da kyau, na je na daki tarago na faɗi abin da ake faɗa. Bai amsa ba. Ya ajiye tutocinsa, ya taka har kan jirgi, ya fara dawowa a hankali. Kowane haɗi ya sunkuya ya zagaya shi da yatsa, yana laluben gefen murfi. Da ya iso ƙarshe ya ɗaga tiyon baya daga kututturensa, ya ji iska ta shiga fuu, ya mayar, sannan ya hau. 'Yan dako sun tsaya da buhuna a ka, masu tallan fura sun daina kira. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Heluma ya dube shi, ya dube ni, amma bai taɓa tambayata ba. Wani ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Ƙafa nika miƙewa." Sai dai duk ranar da ba ni ke aiki ba, ƙafar tasa lafiya lau take, ba ta buƙatar miƙewa. Mutane kuma ba wawaye ba ne.

Haka muka yi shekara goma sha wani abu. Ban sake yin ko kusa da irin wannan ba. Na zama wanda ake tsoro a tashar, na cire taragon manyan 'yan kasuwa suna zagina ina ji, har na gaji Heluma da ya bar aiki. Baba kuwa bai canza mini a komai ba. Mu ci tuwo a kwano ɗaya, ya ba ni goro, ya zo sunan 'ya'yana, in je Zurmi auren 'ya'yansa. In an taɓa ni a bayan idona shi ke tare mini. Amma in na haɗa jirgi sai ya bi. Da farko na ji haushi, ina cewa a raina ai ya ce ya yafe. Daga baya na daina jin haushin, na gane hakkinsa ne, shi ke zama a baya ba ni ba. Abin da bai daina ba shi ne jira. Duk ranar da na daki taragon nan sai na ɗan tsaya, ko yau zai amsa.

Zuwa lokacin jirage sun fara raguwa, gujiya ta ja baya, manyan motoci sun ɗauke shanu. Baba ya tsufa, gwiwoyinsa sun ƙi, da sanda yake tafiya. Aka ce tafiyarsa ta ƙarshe ke nan, daga Zariya zai ajiye tuta ya koma Zurmi. Mutanen tasha suka taru yi masa sallama, har da waɗanda ba su da aiki ranar. Ni da kaina na haɗa jirgin, ban bar wa kowa ba, ko da yake a lokacin ina da masu yi mini. Na sa sababbin zobba, na bi da auduga sau biyu. Na je baya na daki tarago, na ce, "Iska ta iso, Baba." Na sa rai ƙwarai ranar, ba zan ɓoye ba. Na ce a gaban mutanen nan, kuma rana ta ƙarshe, zai bar mini wannan ɗaya.

Ya jingine tutocinsa, ya ɗauki sanda, ya kama hanyar kan jirgi yana ɗingishi. Na bi shi a baya. A haɗin farko ya yi yunƙurin sunkuyawa, gwiwa ta ƙi, ya sake gwadawa ta ƙi. Ya waiwayo ya ce, "Ango, zo ka riƙe ni."

Na je na kama damtsensa. Ya jingina da ni ya sunkuya, ya zagaya haɗin da yatsa, na ɗago shi, muka matsa na gaba. Haka muka bi jirgin nan tun daga kai har baya, ni ke riƙe da shi yana duba aikina, jama'a na kallo. Ya yi mini ciwo fiye da ranar farko. A ƙarshe ya kasa ɗaga tiyon baya, ni na ɗaga masa, ya kai kunne ya saurara, na mayar. Bai sami komai ba. Ya goge yatsansa a gefen riga, ya dubi matakalar taragonsa ya ce, "To, ɗaga ni in hau."

Na ɗaga shi, na miƙa masa tutocinsa.